Gadar Pegasus: inda jiragen katako suka sauka cikin dare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina wani ɗan gari da ake kira Bénouville, a yankin Normandi na arewacin Faransa. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, teku na kusa. Ruwan da ke bayana mashigi ne da aka haƙa daga birnin Caen zuwa teku, gadar da ke kansa kuma ita ce Pegasus.

Bari in juya kyamara. Kun ga duwatsun nan uku a cikin ciyawa? Kowanne yana nuna inda jirgin sama ya tsaya a daren 6 ga Yuni 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ku biyo ni in taka daga na farko zuwa bakin gada. Kun gani? Ko mita 50 bai cika ba. Jirgin da ya sauka nan kuwa ba shi da inji.

Horsa sunansa. Da katako aka yi shi, kamfanonin da ke ƙera kujeru da gadaje a Ingila ma na cikin waɗanda suka yi aikin. Babban jirgin yaƙi ƙirar Halifax ne ya jawo shi da igiya tun daga filin Tarrant Rushton a kudancin Ingila. Da suka iso gaɓar Faransa sai matuƙin ya saki igiyar, daga nan ba abin da ya rage masa sai gangarowa. Mai inji in bai ga fili da kyau ba, ya sake tashi ya zagayo. Wannan ba shi da karo na biyu, ga mutum kusan 30 a bayansa, ga duhu.

Jirage shida suka taso, ɗauke da sojojin Ingila 181 a ƙarƙashin Manjo John Howard. Uku don wannan gada, uku don ta kogin Orne da ke can gaba kaɗan. Dalili shi ne da asuba sojojin Ingila da ƙawayensu za su sauka a bakin teku, kuma in gadojin nan suka zauna a hannun Jamusawa, ta nan tankokinsu za su ratso su afka musu ta gefe. 'Yan laima, wato sojojin da ke dirowa daga jirgi da laima, kan watsu in sun diro, sai sun ɓata lokaci suna neman juna. Shi jirgi marar inji yana sauke mutane wuri guda, kuma ba a jin zuwansa.

Matuƙin jirgin farko saje ne, Jim Wallwork, abokin tuƙinsa John Ainsworth. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka nemo wurin. Ainsworth na riƙe da agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi, in lokaci ya cika ya yi magana, Wallwork ya karya kwana. Da ƙarfe 12:16 na dare suka taɓa ƙasa, hancin jirgin ya kutsa cikin wayar shinge, ƙarfin tsayawar ya wullo su biyun waje ta gaba. Kafin masu gadi su farga, cikin 'yan mintuna gada ta koma hannun sojojin Ingila. Ɗaya daga cikin shidan dai ya ɓata hanya, ya sauka can wajen kogin Dives.

Yanzu na tsallako gidan tarihi na Mémorial Pegasus. Ga ainihin tsohuwar gadar, an maye gurbinta da sabuwa a 1994, daga baya aka ajiye ta a nan. Ga kuma Horsa da aka sake ƙerawa daidai girman na da. Ku dubi mazaunin matuƙa: falle-fallen katako da tagogi, ba wani ƙarfen da zai tare harsashi. Wallahi ina tsaye nan gabana na faɗuwa.

Kada ku ɗauka kullum haka abin ke ƙarewa. A tsibirin Sisili na Italiya, Yulin 1943, iska ta yi ƙarfi, aka saki jirage da nisa daga gaɓa. Sama da 60 suka faɗa teku, mutum fiye da 250 suka nutse. Sannan matuƙan Ingila sojojin ƙasa ne, an koya musu faɗa kamar yadda aka koya musu tuƙi, suna sauka sai su ɗauki bindiga. A Arnhem ta ƙasar Holan, Satumban 1944, sun yi kwanaki a cikin ramuka tare da waɗanda suka kawo, aka kashe musu sama da 200. Abin na damuna yadda ake yawan ba da labarin 'yan laima ana tsallake waɗannan bayin Allah. Shi Wallwork ya tuƙa a Sisili, da nan, da Arnhem, da ƙetare kogin Rhine a 1945, ya rayu har 2013 a Kanada.

A nan gadar mutum biyu rundunar Howard ta rasa. Fred Greenhalgh ya nutse a kududdufin da ke gefen inda jirage suka sauka, Laftana Den Brotheridge kuma aka harbe shi yana tsallaka gada a gaban mutanensa. Kabarin Brotheridge yana harabar cocin Ranville, tafiyar ƙafa ce daga nan. Bari in sauya batir, sai mu ƙarasa can tare.