Wata 7 ba toho ko ɗaya: yau za mu duba saiwar 'yar bishiyata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba fita za mu yi ba, a nan bakin taga za mu yini, domin wannan 'yar bishiyar da ke kan tebur ta hana ni sukuni. Bari in matso da kyamara ku gan ta da kyau.

Bonsai ce, wato bishiyar da ake renonta a ɗan kasko, ana aske ta ana datse saiwarta don kada ta wuce tsawon hannu. Kalmar ta Japan ce, ma'anarta abin da aka shuka a faranti, amma su ma daga Sin suka samo sana'ar. Ita wannan tawa sunanta na kimiyya Ficus microcarpa, 'yar asalin ƙasashe masu zafi na kudanci da kudu maso gabashin Asiya. Duk wanda ya san ceɗiya da durumi da gamji da ɓaure ya san danginta, gida ɗaya suka fito. Ka tsinki ganye ka ga farin ruwa kamar madara, to haka ita ma take. Masu sayarwa suna ce wa wannan nau'in ginseng, sunan wani tsiro mai kaurin saiwa, saboda kumburarriyar saiwar nan da ta fito waje kamar ƙafafu. Kuma mai aure ce: gindin daban, rassan saman daban, ga ma tabon inda aka haɗa su.

Shekara 3 ke nan tana hannuna. A shekaru biyun farko, da zarar ɗumi ya shigo sai ta cika da toho, har sai na riƙa rage mata. Bana kuwa tun watan Oktoba ta tsaya cak. Da farko ban damu ba, don a ƙasar nan da nake zaune, idan hunturu ya kama rana ba ta daɗewa, kuma bishiyar ƙasar zafi takan rage tafiya idan haske ya yi ƙaranci. Amma ga shi yau muna ƙarshen Mayu, rana ta yi tsawo, duk bishiyoyin titi sun yi kore shar, ita ko motsi. Ganyen ƙasa yana komawa ruwan ɗorawa yana zuba, kullum in tsinci biyu ko uku a kan tebur. Na saman kuma ya rasa sheƙinsa, ya yi laushi kamar mai jin ƙishirwa.

Kafin in taɓa komai, sai mun tabbatar tana da rai. Ga farcena, zan ɗan kankare ɓawon wannan reshe kaɗan. Kun ga kore a ƙarƙashi? Ga farin ruwan ma ya ɗan tsattsafo. Wannan reshe yana raye. Wannan siririn na baya kuwa, ku ji, ƙas ya karye, cikinsa busasshe ne, ya riga ya tafi. Gangar jikin da gindin duk kore ne. Alhamdulillahi, akwai abin da za a ceto.

Sai ƙwari. Na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin rassa ina kaɗa su. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo da ke son busasshiyar iskar ɗaki mai hita, da suna nan za mu ga ɗigo-ɗigo suna tafiya a takardar, da siririyar yana tsakanin ganye. Babu su. Abin da na samu shi ne waɗannan 'yan ƙuraje masu ruwan ƙasa a bayan ganye, manne a jikin jijiyar tsakiya. Ƙwari ne masu ƙoƙo a baya, suna tsotsar ruwan bishiya, su ne ke sa ganye ya yi danƙo. Guda 6 na ƙirga a reshe ɗaya. Auduga da ɗan sifirit ta ishe su, ga shi na goge. Amma ƙwaro 6 ba zai tsayar da bishiya wata 7 ba. Rauni suka tarar suka hau, ba su suka kawo shi ba.

Yanzu ku kalli wannan tsinken. Na soka shi cikin ƙasar kaskon har ƙasa tun minti 10 da suka wuce. Ga shi na zaro. Samansa a bushe, amma daga tsakiya zuwa ƙasa jiƙe yake sharkaf, har da baƙin taɓo. Rabon da in ba ta ruwa kwana 5. Na kai shi hanci, tsami yake yi. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan na yi kuskure, kuma a nan mutane da yawa ke rasa bishiyarsu. Saiwa tana numfashi. Iska take buƙata a cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan ruwa ya cike ƙofofin nan ya zauna kwana da kwanaki, ƙananan saiwoyi, waɗanda su ne masu shan ruwan, sai su shaƙe su mutu, ruɓa ta biyo baya. To saiwar da ta mutu ba ta kai ruwa sama. Ganye sai ya yi yaushi alhali gindin yana cikin ruwa tsundum. Kai kuma da kake tsaye kana kallo, me za ka ce? Ƙishirwa take ji. Sai ka ƙara ruwa.

Abin da na yi ke nan tun daga Nuwamba. Na ci gaba da ba ta ruwa kamar yadda nake yi da rani, ban lura cewa bishiyar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai ba. Haske shi ke sa ganye aiki, aikin ganye shi ke jawo ruwa daga ƙasa. Ranar da gari ya yi garau, hasken waje yakan kai 100,000 a ma'aunin haske da ake kira lux, amma tsakiyar ɗaki sau da yawa ɗaruruwa ne kawai, ko da idonka yana ce maka ɗakin da haske. Ni kuma da sanyi ya tsananta na ɗauke ta daga taga na kai ta kan kanta kusa da hita, wai don ta ji ɗumi. Na raba ta da haske, na haɗa ta da busasshiyar iska. Saman ƙasar yana bushewa da wuri saboda hitar, ni ina taɓa saman da yatsa ina cewa ta bushe. Da Maris ya zo ban ga toho ba, sai na zuba mata taki har sau 3. Takin zamani gishiri ne, idan saiwa ba ta da lafiyar ɗaukarsa taruwa yake yi a ƙasa ya ƙara ƙona ta. Kun ga farin ɓawon nan a bakin kasko? Gishirin taki ne da na ruwan famfo. Wallahi da na gane haka raina ya ɓaci ƙwarai, don duk da kyakkyawar niyya na yi.

Bismillah, mu ciro ta. Na sa safar hannu, saboda farin ruwan nan yana sa wa wasu ƙaiƙayi, kuma masu kyanwa ko kare a gida su kiyaye, yana cutar da su idan suka tauna ganyen. Na zagaya wuƙa a gefen kasko, na karkata shi, ga ta ta fito.

Subhanallah. Ku dubi ƙasar nan. Irin baƙar ƙasar da ake sayar da su a ciki ce, ban taɓa canza ta ba. Ta niƙe ta zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu, babu inda iska za ta bi. Ramin ƙasan kaskon ma saiwa ta toshe shi. Da wannan tsinken nake warware ta a hankali, daga gefe zuwa ciki, ba a fizga. Ku ga bambanci. Wannan saiwar fara ce mai ɗan ruwan ƙasa, na ja ta tana da ƙarfi, lafiyarta lau. Wannan kuwa baƙa ce, na matsa ta da yatsa biyu sai ɓawon ya saluɓe ya bar wani siririn zare a ciki. Ruɓa ke nan. Abin da na fi tsoro shi ne manyan ƙafafun nan, domin idan ruɓa ta shiga cikinsu aikin ya yi wuya. Ina latsa su ɗaya bayan ɗaya. Tauri, tauri, wannan ma tauri. Sai wannan ƙaramar ta baya, bakinta ya yi laushi kamar tsawon gaɓar yatsa. Zan yanke ta har sai na kai ga farin nama mai tsabta.

Almakashin na goge shi da sifirit, kuma bayan kowane 'yan yanka ina sake gogewa. Ruɓaɓɓen kawai nake cirewa. Duk wata saiwa mai rai, ko siririya ce kamar gashi, barinta nake yi, don da ita za ta farfaɗo. A ƙiyasina kusan kashi ɗaya cikin uku na saiwar ya tafi.

Sabuwar ƙasar ga ta a roba, kuma za ku ga ba ta yi kama da ƙasa ba, tsakuwa-tsakuwa ce. Abu 3 na haɗa daidai wa daida: akadama, wani yumɓu ne mai ƙwaya-ƙwaya da ake haƙowa a Japan, sai farin dutsen nan mara nauyi mai ƙofofi da ake kira fumis, sai jan dutsen aman wuta. Na tankaɗe su da rariya na zubar da garin, don garin ne ke toshe hanyar iska. Wanda bai samu akadama ba, fumis da ɗan ɓawon itacen fain da aka daddatsa suna yi. Abin nema shi ne ka zuba ruwa ya wuce nan take, ƙwayoyin su riƙe danshi kawai.

Kaskon da ta fito shi zan mayar da ita, na wanke shi tas. Kada a ce a ba ta babba don ta sake. Saiwa kaɗan a cikin ƙasa mai yawa, ruwan ba zai ƙare da wuri ba, an koma gidan jiya. Na sa 'yar raga a kan ramin, na zura waya ta ƙasa. Wayar nan da ita zan ɗaure gindin, domin sabuwar saiwa tana da taushi, bishiya na girgiza sai ta tsinke. Na zuba ƙasa, ina soka tsinke don ta shiga kowane lungu. Ruwa kuma ina zubawa har sai wanda ke fita ta ƙasa ya yi fari.

Rassan sama, busassun kaɗai na cire. Na san hannu yana ƙaiƙayin a gyara mata siffa, a naɗa waya, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba bana ba. Kowane ganye da ya rage abinci yake dafa mata. Taki kuma babu, sai na ga sabon toho ya buɗe. Zan ajiye ta a wannan tagar, inda akwai haske sosai amma zafin ranar tsaka ba ya dukanta kai tsaye, in rufa mata farar leda da 'yan huji don danshi, in riƙa buɗewa kullum ta sha iska. Kuma inda na ajiye ta, nan za ta zauna. Dangin nan ba sa son a yi ta yawo da su, canjin wuri kaɗai yana sa su zubar da ganye. Ɗumin ɗakin kada ya sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius. Mu haɗu bayan 'yan makonni in sha Allahu.

To jama'a, yau kwana 19. Gaskiya makon farko ya tayar mini da hankali, ganye 14 ta zubar, har na fara tunanin ko na makara. Ban ƙara mata komai ba, tsinke kawai nake dubawa kowace safiya, sai ya fito da ɗan danshi kaɗan nake ba ta ruwa. A sabuwar ƙasar nan abin yana kamawa kwana 2 zuwa 3. Daga kwana na 10 zubar ganyen ta tsaya. Yanzu ku matso nan. Kun ga wannan ɗan tsinin kore a bakin reshe, kamar kan allura? Ga wani, ga wani a nan. Wannan kuma da ya fi faranta mini rai, a jikin tsohon itace ya ɓullo, inda babu ganye ko ɗaya. Guda 9 na ƙirga da safe. Ledar zan fara cire ta rabin yini, nan da mako ɗaya in cire gaba ɗaya.

Yau mako 7 cif. Ku dubi sabon ganyen, kore mai haske, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ya ɗan fi tsohon girma, ba komai, ƙanƙantar da ganye aikin baɗi ne. Na ɗaga kaskon, ga fararen kawunan saiwa biyu suna leƙowa ta raga. Makon jiya na fara ba ta taki, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, duk bayan mako 2. Tana samun ranar safe kai tsaye yanzu, a hankali na saba mata.

Akwai wani reshe da ya fito daga ƙasan wurin auren, ganyensa manya, na gindin ne. Idan aka bar irinsa yakan ƙwace ƙarfi daga rassan sama, don haka ba zai daɗe ba, amma na ba shi wata guda ya taya ta tara ƙarfi tukuna. Na kuma tanadi fitilar shuka tun yanzu. Oktoba na shigowa zan rataya ta a saman wannan tagar, awa 12 kullum, kaskon kuma ba zai sake zuwa kusa da hita ba. Bari in kawo ruwa, tsinken yau ya fito a bushe. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.