Karya darajar kuɗi da ɗaga ta: abin da ya faru da sefa da sidi

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da ɗalibai, da 'yan kasuwar da na hango can baya, waɗanda sun fi mu jin wannan magana a jikinsu.

Mu fara raba abu biyu da ake cakuɗawa. In ka je kasuwar canji ta Wapa a Kano yau ka tarar dalar Amurka ta hau, gobe ta ɗan sauko, wannan kasuwa ce ke halinta, babu wanda ya sa hannu a takarda. Karya darajar kuɗi kuwa hukunci ne. Ƙasa ce ta ɗaure kuɗinta da na wata a kan tsayayyen farashi, sai rana ɗaya hukuma ta ce daga yau mun sauke shi. In ta ce ta hau da shi, ta ɗaga darajar ke nan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wannan ƙiri-ƙiri. Shekara da shekaru sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa. A watan Janairun 1994 shugabannin ƙasashen sefa suka taru a Dakar, Faransa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya na matsa musu, aka tashi da cewa faran ɗaya ya koma sefa 100. Ku lura da lissafin, don nan ake ruɗewa: an ce an karya da kashi 50 cikin ɗari, amma kuɗin waje ninkawa ya yi. Mai kantin magani a Maraɗi da ke sayo katan na faran 1,000 a kan sefa 50,000, ya kwana ya tashi sai ya nemo 100,000. Albashin malamin makarantar da zai sayi maganin kuwa yana nan inda yake.

To me ya sa gwamnati za ta yi wa mutanenta haka da gangan? Saboda sefa ta yi tsada fiye da ƙarfin ƙasashen. Auduga da koko da kofi sun faɗi a kasuwar duniya, kayan waje sun fi na gida araha, naira kuma tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na Babangida a 1986 sai gangarowa take, kayan Najeriya suna ta kwarara ta Jibiya da Illela. Da aka karya, mai sayar da kaya waje ya samu ninkin sefa a kan kowane faran. Makiyayan Sahel sun amfana, domin daskararren naman Turai ya yi tsada a Abijan, mahauta suka koma neman shanun arewa. Manomin auduga a Mali shi ma ya ji sauƙi.

Ga ra'ayina, nan ne gaba ɗayan maganar take. Karya kuɗi rangwame ne ka yi wa duniya a kan kayanka, kuma rangwame ba ya amfanar mai rumfar da babu kaya a ciki. Ƙasar da ɗanyen mai kaɗai take fitarwa, wanda da ma da dala ake cinikinsa, ba za ta ƙara sayar da ganga ɗaya ba don ta karya kuɗinta. Baitulmali zai ga ƙarin kuɗin gida, talaka ya ga tsadar taki da magani. Ko a inda dabarar ke aiki, zafin ke fara zuwa, ribar sai an yi shuka an girbe.

Sai ɗaga daraja. Ba kasafai ake yi ba, kuma ƙasashen da abin da suke sayarwa waje ya fi abin da suke sayowa ne ke iyawa. Jamus ta Yamma ta yi a 1961 da 1969. Sin ta yi a Yulin 2005, dala ta sauko daga yuwan 8.28 zuwa 8.11, bayan Amurka ta daɗe tana ƙorafin an danne yuwan don kayan Sin su yi araha. Kayan waje sukan yi sauƙi, masana'antun gida kuma su koka.

Amma akwai ɗagawa ta siyasa, kuma Gana ce misali. A Disambar 1971 gwamnatin Busia ta karya sidi da kashi 44 cikin ɗari. Ba a yi wata guda ba Kanar Acheampong ya kifar da ita, ya kuma ɗaga sidin don faranta wa mutanen birni. An yi tafi. Sai dai farashin hukuma ya yi ta nisa da na gaskiya, manoman koko suka riƙa tsallakawa da shi Kwaddibuwa da Togo, dala ta koma hannun masu uwa a gindin murhu. Doka tana iya rubuta farashi, amma babban banki sai yana da dalar da zai sayar a kan farashin nan ga duk wanda ya zo.

Wani zai ce, to abin da aka yi wa naira a Yunin 2023 fa? Rabi da rabi ne. Babban Bankin Najeriya ya daina riƙe farashin hukuma na wajen naira 460, wannan hukunci ne; tafiyar da ta yi daga nan har ta haura 1,500 a 2024, galibi kasuwa ce ta ja ta. Mai gabatarwa yana nuna mini agogo, don haka mu karɓi tambayoyi, a fara da Alhazan baya.