Kuɗin mota daban, kuɗin hayaƙinta daban: lissafin Golf GTI da 'yan uwanta

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai wata 'yar ƙaramar mota mai gudu. Toyota GR Yaris ce. A shekarar 2024, kamfani ya sa mata kuɗi kusan yuro 46,000 a Faransa. Amma wanda ya je saye, kafin a liƙa mata lamba sai ya ƙara wa gwamnati wani kusan yuro 46,000 ɗin na harajin hayaƙi. Idan kuma mai giyar otomatik yake so, harajin kaɗai yuro 60,000 ne, motar ta haura yuro 100,000 ke nan. Wannan motar dai, a Jamus, maƙwabciyar Faransa, ba ta kai rabin haka ba. Yau za mu bi diddigin yadda aka yi aka zo nan.

Da farko, wane irin motoci muke magana a kai? Su ne ƙananan motocin nan masu guntun baya, waɗanda but ɗinsu ke buɗewa tare da gilashi, irin Golf ɗin da muka saba gani ana haya da ita. Sai kamfani ya ɗauki irin wannan jiki, ya dasa masa inji mai ƙarfi, ya ƙara masa birki, ya sauke shi ƙasa kaɗan. Da safe ka kai yara makaranta, da yamma ka taka ta ta yi tsere da manyan motoci.

Wadda ta buɗe wannan kasuwa ita ce Golf GTI ta 1976. Injinta lita 1.6, ƙarfin doki 110, nauyinta kilo 810 kacal. Volkswagen guda 5,000 suka yi niyyar ƙerawa, don ba su zaci za ta karɓu ba. Kafin su rufe wannan samfurin na farko sun sayar da sama da 450,000. Peugeot ta biyo baya da 205 GTI a 1984, daga nan kowa ya shigo. Abin da ya sayar da su abu ɗaya ne: ma'aikaci mai matsakaicin albashi yana iya mallakar mota mai gudu.

Wannan alkawarin ne ya karye. GTI ta yanzu tana da ƙarfin doki 265, Golf R 333, Honda Civic Type R 329. Ƙarfi ya ninka, nauyi ya ƙaru, an cika su da na'urorin tsaro da doka ta wajabta, kuɗi kuwa ya bi sahu. A Ingila, Civic Type R ta baya-bayan nan ta fito a kan kusan fam 47,000, ba a jima ba ta haye 50,000.

To, mu shiga maganar haraji, don nan ne gizo ke saƙa.

A Faransa ana auna yawan iskar kabon da mota ke fitarwa a kowace kilomita, da giram. Akwai layin da idan ba ka kai shi ba, ba ka biyan ko sisi. A 2024 layin giram 118 ne. Kana taɓa shi za a fara da yuro 50. Sai dai kuɗin ba hawan tsani yake yi ba, tsalle yake yi: can sama, giram ɗaya tak na iya ƙara maka dubban yuro. Da ka wuce giram 193, ka kai ƙololuwa, yuro 60,000. A da akwai sassauci, harajin ba ya wuce rabin kuɗin motar. A 2024 aka cire wannan sassaucin, kuma ƙananan motoci masu gudu ne suka fi shan duka. Mai sayen Ferrari, yuro 60,000 ɗan ƙari ne a kan abin da ya riga ya ware. Mai sayen Yaris kuwa, an ninka masa kuɗi. A watan Maris na 2025 aka sake sauke layin zuwa giram 113, aka ɗaga ƙololuwar zuwa yuro 70,000.

A ganina wannan tsari bai yi adalci ba. Motar da galibi ranar hutu ake fita da ita ana caje ta daidai da ƙatuwar jif da ke kan titi kullum. Amma gwamnati ta san abin da take yi, so take a daina sayen su, kuma an daina ɗin.

Su ma kamfanonin akwai bulala a kansu. Tarayyar Turai tana ɗaukar matsakaicin hayaƙin dukan motocin da kamfani ya sayar a shekara. Idan ya wuce ƙa'ida, tarar yuro 95 ce a kan kowane giram, a kan kowace mota. Don haka duk mota mai gudu da aka sayar tana jan lissafin kamfanin sama. Ga sakamakon: Renault ta rufe Megane RS a 2023. Ford ta daina Fiesta gaba ɗaya a Yulin 2023. Hyundai ta janye i20 N da i30 N daga Turai a farkon 2024. Honda ma ta sanar da cewa Type R za ta bar kasuwar Turai a 2026, ta yi bankwana da wasu guda 40 na musamman.

Yanzu mu haye Ingila, inda tarkon ya fi dabara, kuma ya shafi kayan ƙari da mai saye ke zaɓa. Tun Afrilun 2017, duk motar fetur da kuɗinta na takarda ya wuce fam 40,000, akwai ƙarin haraji a kanta na shekara biyar, daga shekara ta biyu zuwa ta shida. A 2025 ƙarin fam 425 ne a shekara. Ku lissafa, fam 2,125 ke nan. Kuma kuɗin takarda ake dubawa, haɗe da duk abin da ka ƙara, ba abin da ka biya bayan ciniki ba. Ko dillali ya rage maka fam 3,000, ba ruwan gwamnati.

Da aka sabunta GTI a 2024, kuɗinta na ƙasa da 40,000 da ɗan kaɗan. Mutum na zaune a ofishin dillali, sai ya ce a sa masa manyan wili da rufin gilashi. Shi ke nan ya tsallake layi. Kuma harajin motar yake bi, ba mutumin ba. Ka sayar da ita bayan shekara biyu, wanda ya saya shi zai ci gaba da biya, kuma zai cire wannan a cikin tayin da zai yi maka. Shi ya sa masu tallan motocin hannu a can ke rubuta cewa wannan ba ta kai 40,000 ba, kamar wani abin ado.

Ba duk kayan ƙari ne asara ba. Da GR Yaris ta fito a 2020, a Ingila fam 29,995 ce. Akwai wani kunshi na fam 3,500 mai suna Circuit Pack: wili marasa nauyi, tayoyin Michelin, ƙafafu masu tauri, da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi don kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza a kwana. Yawancin masu saye suka zaɓe shi, kuma a kasuwar hannu shi ake fara tambaya. Wadda ba ta da shi sai ta daɗe a gareji. Dalili kuwa, mai neman irin wannan mota tuƙi ya kawo shi. Zai biya kuɗin abin da zai ji a sitiyari, amma kujerar fata da manyan lasifika, da wuya ya mayar maka ko rabin abin da ka kashe.

Sai darajar sayarwa. Abin da ya kashe sababbin shi ne ya raya tsofaffin. A Faransa harajin sau ɗaya ake biyansa, ranar rajistar farko. Motar da ta riga ta sami lamba ta wuce wurin, don haka mai ita ba ya gaggawar rage kuɗi, tunda sabuwa ta gagara. A 2021, lokacin da layin jiran GR Yaris ya yi tsawo, an riƙa sayar da ta hannu sama da kuɗin sabuwa. Haka giyar hannu: Volkswagen ta cire ta daga GTI a sabuntawar 2024, masu sha'awa suka koma farautar waɗanda suka rage. Abin da ke karya musu daraja kuma sananne ne: a taɓa kwamfutar inji don ƙara gudu, a canza salansa, ko a rasa takardun sabis. Mai saye yana ganin haka ya san an wahalar da ita.

Idan irin wannan mota ta iso wajenmu, lissafin juyewa yake yi. Na Ingila sitiyarinsu a dama yake, ba namu ba ne. Na Jamus, Beljiyam, Faransa da Amurka ne ke zuwa. A Najeriya ba a auna hayaƙi. Tun 2022 kwastam da lambar jikin mota suke yanke darajarta, sai a ɗora haraji a kai, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya taɓa tsohuwar hanyar Kwatano. Sannan kasuwarmu ba ta biyan kuɗin gudu. Je ka wajen dillalai a Kano ko Kaduna, Corolla da Camry ake rububi, saboda kayan gyara ko'ina akwai kuma kowane bakanike ya san cikinsu. GTI kuwa gindinta a ƙasa yake, tayoyinta sirara ne, rami ɗaya na iya lanƙwasa wili. Injinta fetur mai kyau yake so, mai lamba 95 ko sama.

Wanda duk da haka ransa ya biya, kuma ban ga laifinsa ba don motar akwai daɗin tuƙi, ga abin da zai fara tambaya. Idan Golf 6 ce ko 7 mai giyar otomatik ta Volkswagen da ake kira DSG, mai hawa shida, ana canza man giyar duk kilomita 60,000. A nuna masa shaidar an yi. Ya sa a jona ta da kwamfuta a duba ko an taɓa injin. Sannan ya nemo bakaniken da ya san wannan giyar tun kafin ya biya kuɗi, ya kuma tambaye shi nawa ne gyaranta idan ta lalace.