Maganar Lamuni da Kuɗin Wata

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, domin maganar ɗan'uwanmu da ya tsaya wa wani a hayar gida ta hana kwamitin ƙungiyarmu barci. Ba zan kama suna ba, da yawanku kun sani. Mutumin da ɗan'uwanmu ya tsaya wa ya tattara ya bar gari, haya ta taru har wata biyar, yanzu takardar lauya ta iso hannun mutumin da ko dare ɗaya bai taɓa kwana a ɗakin ba.

Na ji wasu na cewa ai taimako ya yi. Haka ne, amma kotu takarda take dubawa. Tun a dokar Rumawa ta zamanin Sarki Jastiniyan, shekara ta 533, an kwatanta wajibi da igiyar da ke ɗaure mutum har sai ya sauke abin da ke kansa. A Ingila ma, tun dokar 1677, ba a kama mai lamuni sai akwai rubutu da sa hannunsa. To, ɗan'uwanmu ya sa hannu.

Don Allah, kafin ɗayanku ya sake ɗaukar biro, ya duba ko an yanke iyakar kuɗin da za a iya nema a wurinsa. Ya duba ko haya kaɗai ya lamunta, ko har da ɓarnar gida da kuɗin lauya. In mutum uku suka kama gida da takarda ɗaya, ana iya bin ka bashin dukansu, ba na wanda ka sani kaɗai ba. Inda aka fi faɗawa rami kuwa shi ne ranar ƙarewa: kai kana ganin shekara ɗaya ka tsaya, alhali wani ƙaramin layi a ƙasan shafi ya ce lamunin na tafiya muddin ana sabunta haya. Kuma ka karɓi kwafinka ka adana.

Kada a ce wannan tsaurin Turawa ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Hadisi ya nuna mai lamuni shi ne mai biya. Annabi (SAW) ya dakata da sallar gawar wani mai bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa.

Shi kuma wanda ya gudu, wataƙila kotu ba za ta kai gare shi ba, amma hakki na nan a kansa. Masu lambarsa, ku kira shi yau, ku gaya masa amana ya ci.

Sai mu. Malamanmu sun bambanta farillar da ke kan kowa da kansa da farillar kifaya, wadda in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A gida, da irin wannan ta faru, kafin magariba baffanni da kawunnai sun cika zaure. Wallahi ina kewar wannan. A nan ba mu da baffa sai junanmu, kuma ina alfahari ba mu taɓa barin namu a asibiti shi kaɗai ba. Amma da muka duba asusun ƙungiya don mu agaza, sai muka ji kunya. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Haba jama'a! Ranar da ka sa hannu a takardar shiga ƙungiya, kuɗin nan ya tashi daga kyauta ya koma bashi. Ba wanda zai kai ka ƙara a kansa, shi ya sa yake gwada mutum.



Na dawo kan ɗan'uwanmu. Mako biyu takardar ta ba shi, kuma yin shiru shi ne mafi muni, don ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Muna neman mutum biyu su raka shi wurin masu ba da shawarar shari'a kyauta, a nemi cikakken lissafin bashin, a roƙi biya kaɗan-kaɗan, a rubuce. Ma'aji na bakin ƙofa da littafinsa. Wanda ba shi da hali ya faɗa masa a asirce, za a yi masa uzuri. Wanda ke da shi kuwa, don girman Allah ya biya kafin ya fita.