Talladega 1987: Masu Tuna Alhamis Sun Manta Lahadi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk lokacin da tseren motoci na NASCAR ya zagayo filin Talladega, can jihar Alabama ta Amurka, sai an tono tsohon bidiyon Bill Elliott na shekarar 1987 an baza a intanet. Daga nan sai kuka ya biyo baya: wai an kashe tsere, wai an shaƙe injina, wai a saki motoci su yi iya gudunsu ko a samu wanda zai karya tarihin Elliott. Ni kam na gaji da jin wannan magana. Masu yin ta suna tuna abin da ya faru ranar Alhamis, sun manta abin da ya faru ranar Lahadi, alhali kwana uku ne kacal tsakani.

Bari mu fara da Alhamis ɗin, tunda ita suke so. A wancan lokaci motocin NASCAR siffar motocin hawa ake yi musu, irin Ford da Chevrolet da Buick da ake gani a titi, amma cikinsu keji ne na ƙarfe da injin tsere. Kafin ranar tsere ana yin gudun neman gurbi: kowane direba ya fita shi kaɗai, a auna lokacinsa, wanda ya fi sauri shi zai tashi a sahun gaba. Ranar 30 ga Afrilu, 1987, Elliott ya fita da motarsa Ford Thunderbird mai lamba 9, ya zagaye filin mai tsawon mil 2.66 cikin daƙiƙa 44.998. Wato gudun mil 212.809 a awa, sama da kilomita 342. A kowace daƙiƙa motar tana cinye mita 95, kusan tsawon filin ƙwallon ƙafa. Kusan watanni uku kafin nan ya yi mil 210.364 a awa a Daytona, wani filin tseren da ke jihar Florida. Bajinta ce, ba na ja. Har yau babu wanda ya kamo wannan lamba a gudun neman gurbi na NASCAR.

To amma shi kaɗai ne a kan filin. Babu mota a gabansa, babu a gefensa, taya sabuwa, injin an shirya shi don zagaye ɗaya ko biyu. Wannan shi ne abin da masu kukan ba sa son a faɗa. Gudun neman gurbi daban, tsere daban.

Ranar Lahadi, 3 ga Mayu, motoci kimanin 40 suka tashi tare. A zagaye na 22 tayar baya ta motar Bobby Allison, Buick mai lamba 22, ta fashe yana tsakiyar gudu a gaban rumfar 'yan kallo. Motar ta juya baya, iska ta shiga ƙarƙashinta, ta ɗaga ta sama. Mota mai nauyin sama da tan ɗaya da rabi ta tashi kamar faifai a guguwa, ta afka wa shingen wayar da ke tsakanin fili da mutane, kusa da inda mai kaɗa tuta yake tsaye. Ta yage kimanin mita 30 na shingen. Gutsattsarin ƙarfe suka watsu cikin jama'a, mutane da dama suka ji rauni. Igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da shingen ne suka dawo da motar kan fili. Allison ya fito da ƙafarsa, kuma babu wanda ya rasa rai.

Babu wanda ya rasa rai, amma ba dabarar kowa ba ce. Kiyayewar Allah ce. Da motar nan ta ƙara tashi kaɗan, ko igiyoyin suka tsinke, da yanzu wani labari muke bayarwa. Kuma ba sai mun yi hasashe ba, domin duniya ta riga ta ga irinsa. A 1955 a Le Mans ta Faransa, motar Mercedes ta Pierre Levegh ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, mutane sama da 80 suka mutu a rana ɗaya. Abin da ya raba Talladega da Le Mans 'yan igiyoyin ƙarfe ne.

An ɗaga jar tuta, aka tsayar da tsere sama da awa 2 ana gyaran shinge. Da aka koma, duhu ya fara shigowa, filin kuma ba shi da fitilu, sai aka tsaya a zagaye 178 maimakon 188. Wanda ya ci shi ne Davey Allison, ɗan Bobby na cikinsa, a motar Ford mai lamba 28, kuma wannan ce nasararsa ta farko a babbar gasar. Ku duba wannan lamari. Yaro ya ga motar mahaifinsa ta zama tarkace, ya zauna yana jira sama da awa 2, sannan ya koma ya ɗora ƙafa a kan totur. Shi kuwa Elliott mai tarihin Alhamis, ba shi ya ci ba.

Hukumar NASCAR ba ta tsaya dogon turanci ba. A sauran tseren wannan shekara a Daytona da Talladega ta sa aka rage girman kabureta. Daga 1988 ta tilasta sa wani faranti mai huda huɗu tsakanin kabureta da injin, domin ya rage iskar da injin ke shaƙa. Iska ta ragu, ƙarfi ya ragu, gudu ya sauka. A gudun neman gurbi na Daytona 500, babban tseren mil 500 na filin Daytona, na 1988, Ken Schrader ne ya yi na ɗaya, da ƙasa da mil 194 a awa. Kuma wa ya ci wannan tsere? Bobby Allison, yana da shekara 50, ɗansa Davey na biye da shi a na biyu. Shin wannan ya yi kama da wasan da aka kashe?

Na san hujjar ɗaya ɓangaren. Suna cewa farantin ya daidaita ƙarfin motoci, ya sa suna tafiya cunkus kamar garken tumaki, mutum ɗaya ya yi kuskure motoci 20 su haɗe. Suna cewa shahararren direba Dale Earnhardt ya tsani farantin, kuma a tseren da ake amfani da shi ya rasu, a zagayen ƙarshe na Daytona 500 na 2001. Gaskiya ne cunkoson yana da muni, ni ma idan ina kallo hankalina ba ya kwanciya. Amma maganin wannan ciwo an same shi ta wata hanya: na'urar riƙe kai da wuya da aka tilasta wa direbobi, da bango mai laushi da ke shanye ƙarfin karo. Ba a taɓa jin cewa maganin karo shi ne ƙara gudu ba. Wane irin lissafi ne wannan?

Kuma ga inda raina ke ɓaci. Direba ya san abin da ya shiga. Yana da kwalkwali, yana da rigar da wuta ba ta ci da wuri, yana da keji, ana biyansa, ya sa hannu a takarda. Mutumin da ke zaune a layin gaba da ɗansa a cinya fa? Me ya sa wa hannu? Tikiti ya saya don ya yi kallo ya koma gida. Ba shi da kwalkwali, ba shi da keji. Abin da ke tsakaninsa da tan ɗaya da rabi na ƙarfe waya ce. Duk mai cewa a saki motoci, da ran wannan mutum yake caca, ba da nasa ba.

Ko da farantin ma ba a tsira gaba ɗaya ba. A Afrilun 2009, a Talladega ɗin dai, motar Carl Edwards ta tashi a zagayen ƙarshe ta daki shingen, 'yan kallo suka ji rauni. A 2013 a Daytona, gaban motar Kyle Larson ya tsaga shinge, taya ta faɗa cikin rumfa, mutane sama da 20 suka jikkata. A 2015 Austin Dillon shi ma ya afka wa shingen Daytona. Duka waɗannan da gudun da aka riga aka rage ne. Yanzu ku ƙara musu mil 20 ko 30. A 2004 Rusty Wallace ya gwada mota babu faranti a Talladega, shi kaɗai, ya taɓa mil 228 a miƙaƙƙen layi. Ku jera irin wannan guda 40, taya kusa da taya, sannan ku gaya mini wane shinge ne zai riƙe.

Filin nan tun ranar da aka buɗe shi yake gargaɗi. A 1969, a tserensa na farko, manyan direbobi ƙarƙashin jagorancin Richard Petty suka tattara kayansu suka tafi, saboda tayoyi suna yagewa a irin wannan gudu. Mai filin, Bill France, ya ce sai an yi, aka cike gurbi da wasu direbobi aka yi. Shekara 18 aka ɗauka ana tafi, ana murna, sai da motar Allison ta afka wa shinge sannan aka ji.

A 2019 an ajiye farantin, aka maye gurbinsa da wani ƙarfe mai siffar mazurari da ke aikin rage iska iri ɗaya. Sunan ya canza, takunkumin yana nan, kuma daidai ne ya zauna. Mil 212.809 na Bill Elliott ne, ya riƙe kayansa. Wanda zai sake turo mini bidiyon Alhamis, ya haɗa da na Lahadi, zagaye na 22, ya kuma tsayar da hoton daidai inda mutanen layin gaba suke ƙoƙarin sunkuyawa.