Kalfurotektin ya hau: shi ke nan cutar Crohn ce?

[Takardar sakamakon gwaji a fuskar waya]

Tambayar nan ta yi ta shigo mana. Mutum ya kai bayan gida gwaji, ya ga an rubuta kalfurotektin 400 (wani furotin ne da ake aunawa don gano kumburin hanji), ya leƙa intanet, kafin la'asar har ya yanke wa kansa hukunci. Jama'a, a dakata tukuna.

[Zanen hanji]

A gurguje: manyan cututtukan kumburin hanji masu daɗewa biyu ne. Akwai Crohn, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a New York a 1932, akwai kuma kolaitis mai gyambo, wadda ke kama babban hanji. A duka biyun, garkuwar jiki ce ke afka wa hanjin mai ita.

[Ƙwayoyin jini suna ratsa bangon hanji]

Ku duba nan da kyau. Waɗannan fararen ƙwayoyin jinin sunansu nutrofil. Da hanji ya kumbura sai su yi dafifi a bangonsa, su faɗa ciki, su fashe. Kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin da ke ruwan cikinsu kalfurotektin ne. Shi ke bin bayan gida ya fita, kuma yakan yi kwanaki bai lalace ba. 

To, ga inda ake ɓata. Gwajin cewa yake yi nutrofil sun taru a hanji. Abin da ya tara su kuwa, bai faɗa ba. Ganin motar 'yan kwana-kwana a layinku ya nuna akwai gobara, amma bai nuna wanda ya kunna ta ba.

Atuni na ɗaga lambar. Tarin fuka na hanji ma haka, ga shi yana kama da Crohn sosai, har likitoci kan sha wuya kafin su bambanta su. Kansar hanji na ɗaga ta. Diclofenac da ibuprofen ma suna yi, waɗanda wasunmu ke haɗiya kullum saboda ciwon jiki ba tare da an rubuta musu ba. Jarirai kuwa, lafiyarsu lau amma lambarsu a sama take.

Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganin Crohn danne garkuwar jiki yake yi. A bai wa mai tarin fuka ko mai atuni shi, cutar sai ta ƙara ƙarfi.

[Lambobi a allo]

Ƙasa da 50, da wuya a ce akwai kumburi, kuma a ganina nan ne gwajin ya fi amfani, domin yana hutar da mutane da yawa daga kyamarar hanji. Sama da 250, ana zargin kumburi mai ƙarfi. Tsakani, yawanci a sake gwaji bayan 'yan makonni.

[Ɗakin kyamara]

Idan lambar ta ƙi sauka, likita zai nemi ƙwayoyin cuta a bayan gida, ya tambayi magungunan da kake sha, sannan a zura kyamara ta dubura a gutsuro naman hanji a duba. Da wannan ake tabbatar da sunan cutar.