Bibbiyu Suke Tafiya: Yadda Matashin Ɗan Mishan na Mormon Ke Kwana Ya Tashi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. An nemi in yi bayani a kan samarin nan da ake gani bibbiyu, sanye da farar riga da ɗaurin wuya irin na Turawa, da baƙin bajo a ƙirji. Wanda ya zauna a Legas ko Fatakwal ko Akara ya san su. Abubuwa huɗu zan taɓa: yadda ake ɗaukar su, yadda wuninsu ke tafiya, maganar kuɗi, sai kuma dawowa gida.

Mu fara da suna, don kada wani ya je ya yi kuskure a gabansu. Mu muna cewa 'yan Mormon, amma sunan cocinsu in an fassara shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Joseph Smith ne ya kafa shi a jihar New York ta Amurka a shekarar 1830, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. A 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi jama'a su daina kiran su Mormon. To, baki ya riga ya saba, ni ma za ku ji ina faɗa, a yi mini afuwa.

Na farko, ɗauka. Yaro ne ke nema da kansa. Zai cika takardu, likita ya duba shi, likitan haƙori ma ya duba shi, sannan bishof na unguwarsu ya yi masa tambayoyi a kan imaninsa da tsarkin rayuwarsa, shugaban gundumar cocin ma ya sake yi masa. Takardun su tafi Salt Lake. A can ɗaya daga cikin manyansu goma sha biyu da suke kira manzanni zai zaɓa masa inda za shi. Shi ba ya zaɓe. Yana iya roƙon Allah a kai shi Japan, wasiƙa ta zo ta ce jihar da ke maƙwabtaka da su. Namiji wata 24 yake yi, mace wata 18. A 2012 aka rage shekarun fita, maza daga 19 zuwa 18, mata daga 21 zuwa 19. Daga nan sai makarantar horo. Babbar tana garin Provo a Utah, akwai wata kuma a Akara da ke karɓar 'yan Afirka ta Yamma. Wanda zai yi aiki da harshensa mako uku yake yi, mai koyon Faransanci ko Sifaniyanci mako shida, mai koyon harshe irin na Sin ko Rasha mako tara. Mako tara fa, a ce ka je ka yi wa Basine wa'azi da harshensa. Sauran a titi ake koya.

Tun ranar da ya shiga, sunansa na yanka ya tafi hutu. Namiji Elda wane, mace Sista wance, da sunan mahaifi. Elda kuwa ma'anarsa dattijo. Ga yaro ko gemu bai tsiro ba, ana ce masa dattijo. Ko da ya tsiro ma dole ya aske.

Na biyu, wuni. Jadawalin da aka daɗe ana bi shi ne: tashi ƙarfe 6:30, addu'a, motsa jiki na minti 30, wanka da karin kumallo. Ƙarfe 8 karatun nassi shi kaɗai na awa ɗaya, Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, wanda su ke ɗaukarsa nassi ne. Sai karatu tare da abokin aiki, sai koyon harshe ga wanda ke ƙasar waje. Ƙarfe 10 a fita. Akwai hutun abincin rana da na dare. Ƙarfe 9 na dare a kasance a gida, in ana tsakiyar darasi a ƙara rabin awa. Ƙarfe 10:30 a kashe fitila. A 2017 aka sassauta, aka bar shugaban kowane yanki ya matsar da lokutan daidai da ƙasar da yake, domin inda gari ke yin tsit da magariba ba ɗaya yake da inda ake cin abincin dare ƙarfe tara ba.

Na ce abokin aiki. To a nan zan zauna, domin a ganina wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci komai a rayuwar yaran nan ba. Mutane suna ɗauka wahalar aikin ita ce a rufe maka ƙofa a fuska. A'a. Wahalar tana cikin ɗaki.

Dokar ita ce: kana inda abokinka zai gan ka, kana inda zai ji ka, dare da rana. Ɗaki ɗaya za ku kwana, gado daban-daban. Ba ka tashi ka bar shi yana barci ka fita sayen burodi. Ba ya shiga shago kai kana waje. Banɗaki ne kawai ke raba ku, sai ganawar da shugaban yanki ke yi da kowa shi kaɗai. In suna da mota, wanda ba ya tuƙi sai ya sauka ya tsaya a baya yana yi wa direba ishara kafin a ja da baya. Ko filin ba kowa, sai ya sauka. Hujjarsu tana cikin Linjila, inda Markus ya ce Yesu ya aiki almajiransa bibbiyu. Amma bayan nassi akwai lissafi. Abokin shaida ne in an yi maka ƙazafi, mai gadi ne in zuciyarka ta raya maka wani abu, ɗan rakiya ne in rashin lafiya ta kama ka a hanya. Shi ya sa ma samari biyu ba za su shiga gidan da mace take ita kaɗai ba, sai da wani babban namiji a wurin.

Kuma ba kai ka zaɓe shi ba. Ku riƙe wannan. Ba kai ka zaɓe shi ba. Duk mako shida ake sauye-sauye. Shugaban yanki, wanda shi da matarsa ke zama shekara uku suna kula da samari da 'yan mata fiye da ɗari, shi zai zauna ya haɗa wane da wane. Waya ta zo, a ce Elda, haɗa kayanka, jibi kana wani gari. Ko a ce ka zauna, ga sabon aboki nan tafe. Wani lokaci a bar ku tare mako shida, wani lokaci wata huɗu ko fiye. A shekara biyu yaro yakan zauna da mutane da dama, kowa da halinsa. Ɗan manomi daga jihar Idaho ta Amurka da ɗan birnin Kinshasa, ɗaya bai taɓa cin barkono ba, ɗaya ba ya iya cin abinci sai da shi, tukunya ɗaya.

Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Me ke ɓata zaman? Ba manyan abubuwa ba ne. Ɗaya yana tashi 6:30, ɗaya sai an ja bargo. Ɗaya yana wanke kwano, ɗaya yana jibgewa. Ɗaya yana da saurin tafiya. Kada ku yi dariya, saurin tafiya babbar rigima ce in doka ta hana ka wuce mutum ka ɓace masa. Ɗaya ya fi iya harshen, sai ya cinye darasin duka, ɗayan ya zauna kamar an kawo shi ganin ɗaki. Mafi muni shi ne gaba. Mutum biyu ba sa magana da juna, amma za su ƙwanƙwasa ƙofa su ce sun zo da saƙon salama. Masu gida kuwa suna ganewa, ba a ɓoye irin wannan.

Cocin ya san da haka, sai ya sa magani a cikin jadawali. Duk mako, a ƙarshen zaman tsara aikin mako, akwai zama na musamman tsakanin su biyun. Kowa ya faɗi abin da yake yabawa a wurin ɗan uwansa, sannan ya faɗi abin da yake so a gyara, a rufe da addu'a. In an yi shi da gaskiya yana aiki. In an yi na jeka-na-yi-ka, kowa ya ce ba komai, to ƙurjin yana nan. Mataki na gaba shi ne musaya: jagoran ƙaramin yanki, wanda shi ma yaro ne irinsu, ya zo ya ɗauki ɗaya na kwana guda, abokinsa ya tafi da ɗayan, a ji ta bakin kowa. Kowa kuma yana rubuta wa shugaba wasiƙa duk mako. In abin ya ƙi, a yi sauyin gaggawa ba tare da jiran mako shidan ba. In lissafi bai cika bibbiyu ba, a haɗa mutum uku, wannan kuma wata fitinar ce, domin biyu sukan haɗe wa ɗaya kai.

Sabon zuwa kuwa ana ba shi mai horarwa na mako goma sha biyu. Abin da mai horarwar nan ya koya masa, na kirki ko na lalaci, shi yakan bi shi har ƙarshe. Zama da maɗaukin kanwa, kun san sauran. Shi ya sa shugaba mai hankali ya fi taka-tsantsan wajen zaɓen masu horarwa fiye da zaɓen mataimakansa.

Ina muke? Na uku ko? A'a, ban ma faɗi aikin da suke fita yi ba. To mu ce wannan ne na uku. Bin gida-gida shi aka san su da shi, amma shi ya fi ƙarancin riba. Sun fi samun mutane ta hannun 'yan coci da ke gabatar da abokansu, yanzu kuma har ta Facebook. Littafin koyarwarsu ya fito a 2004, aka sabunta shi a 2023, kuma ya hana haddace darasi a zuba kamar karatun aku. Darasi na farko a kan Joseph Smith ne da abin da suke kira maido da bishara, na biyu daga ina mutum ya zo kuma ina za shi, na uku imani da tuba da baftisma, sai dokoki: ba giya, ba taba, ba kofi, ba shayi, da ba da kashi ɗaya cikin goma na samu. Ba shayi, na ga masu shayi sun ɗago kai. Kowane darasi ana rufe shi da alkawari: za ka karanta wannan babin, za ka zo coci Lahadi? Duk wanda aka koyar ana rubuta shi a kundin yanki, da a takarda, yanzu a waya, domin wanda zai gaje ka ya ɗora daga inda ka tsaya. Kundin da aka yi wa sakaci yana sa sabon zuwa ya fara daga farko. Kafin baftisma wani ɗan mishan daban, ba wanda ya koyar ba, shi zai yi wa mutumin tambayoyi. Ana nutsar da mutum ne gaba ɗaya a ruwa, da shaidu biyu a tsaye, in ko yatsan ƙafa ya leƙo waje sai an sake.

Kuɗi, da sauri, na ga ana nuna mini agogo. Ba a biyan su albashi. Su ke biya. A Amurka iyali na zuba wani ƙayyadadden kuɗi duk wata, ko ina aka kai yaron, kuɗin ya shiga asusu ɗaya, daga nan a biya haya a ba kowa alawus na abinci da mota. Wanda ba shi da hali jama'ar coci su cika masa. Wanda ya cinye alawus a mako biyu, sai shinkafa da gayyatar 'yan coci. Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ta wanki ce da guga da cefane da aski, zuwa ƙarfe 6 na yamma a koma aiki. Kafin 2019 sau biyu a shekara ake kiran gida, Kirsimeti da ranar iyaye mata. Yanzu duk mako ne. Ba iyo, ba talabijin, ba zance. A ƙasashenmu kuma ga gidan sauro, ga maganin rigakafin zazzaɓi, ga tace ruwan sha.

Saura dawowa gida... Na'am, Hajiya, a ba ta abin magana.

Tambaya: Malam, ba su ne aka ce suna auren mata da yawa ba?

Hajiya, tambayar da ake yi wa yaran nan ke nan a ƙofa kusan kullum. An yi haka a zamanin Joseph Smith da Brigham Young, wanda ya kai su Utah a 1847. Gwamnatin Amurka ta matsa musu da dokoki da ɗauri da ƙwace kadarori, har a 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya fitar da sanarwar dainawa. Yau wanda ya ƙara mata ana korar sa daga cocin. Waɗanda kuke gani a labarai ƙungiyoyi ne da suka ɓalle. A Afirka kuwa abin ya juyo musu ta ɗaya gefen. Sun iso Najeriya a ƙarshen 1978, bayan an ɗage hanin da ya hana baƙar fata riƙe muƙamin firist, kuma cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma akwai Anthony Obinna a ƙasar Ibo, mutumin da ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙa su zo. Haikalinsu na Aba an buɗe shi a 2005. To yanzu yaro zai yi makonni yana koyar da magidanci, mutumin ya gamsu, sai a gano matansa biyu ne, kuma dokar cocin ba ta yarda a yi masa baftisma a haka ba. Yaro ɗan shekara 19, wanda wataƙila kakan kakansa mata huɗu ya aje a Utah, shi zai zauna a tabarma ya faɗa wa dattijon haka, abokinsa na gefe yana kallon ƙasa. Mai horarwa na kirki yakan koya wa sabon zuwa ya tambayi yanayin iyali tun a ziyarar farko ko ta biyu, kafin a sa ranar baftisma.

An ce mini lokacin salla ya yi. Mai tambaya ta biyu, ka same ni a waje.